Ɗakin da Ke Ƙarshen Gada

Salamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na ga saƙonninku tuli, masu taya ni murna da masu tambayar wane launi zan saka ranar biki. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana huɗu. Da hannun hagu nake rubuta wannan, na daman yana naɗe da bandeji, don haka in kun ga kuskure ku wuce kawai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: shekarata ashirin da bakwai, ni ce auta. Babanmu ya rasu, daga ni sai Umma sai Yayana namiji a gidan. Ina aiki a wani ƙaramin ofis da ke shirya wa mutane tafiya, tikitin jirgi, otal, biza da sauransu. Saura kwana tara a ɗaura min aure da Injiniya.

A ofishinmu 'Yar Tsibiri ake kirana. Akwai wani hoto da ya cinye bango guda a bayan kujerata, na wani tsibiri can tsakiyar teku. Duk wanda ya turo ƙofa yana neman inda zai kai iyalinsa hutu, sai Madam mai ofishin ta nuna ni da biro ta ce, "Je ka wurin waccan, ita ta haddace shi."

Na kuwa haddace. Zan gaya maka rairayin bakin ruwan fari ne tas, mai laushi har ba ka son saka takalmi. Zan gaya maka da safe masunta ke jan taru su ashirin su talatin suna waƙa, baƙo ma in ya kama igiya ya taya su ja sai an ba shi kifinsa a hannu, ƙin karɓa kuwa rashin kunya ne a wurinsu. Kifin nan za ka kai wa matan da ke da murhu a ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa, su shafe shi da citta da barkono da lemun tsami, su naɗe a ganyen ayaba su binne cikin garwashi, su zubo maka shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Ga kwale-kwale mai gindin gilashi, kana zaune kana kallon kifaye ja da shuɗi da rawaya suna gilmawa ƙarƙashin ƙafarka. Ga kasuwar kayan ƙamshi, tun daga nesa kanumfari da kirfa ke dukan hancinka. Ina faɗa ina lumshe ido, kwastoma na haɗiyar yawu. Shekara biyu ina tura mutane can, ni kuwa ko matattakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

Ta nan Injiniya ya shigo min. Ranar da na fara ba shi labarin tsibirin ya kalle ni ya ce, "Kin san ban taɓa ganin teku ba, Gimbiya? Da ke nake son in fara ganinsa." Wallahi a ranar na tafi. Shekararsa arba'in da ɗaya, ya taɓa aure, ya ce matar ba ta da lafiya ne, danginta suka ɗauke ta. Mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Umma. Shi ya ɗauki Yaya aikin kula da sito a wurin gininsu bayan Yaya ya shekara uku yana zaman banza. A gidanmu in ka ce Injiniya na da aibu, to ka taɓo kowa.

To bari in ba ku abin da ya faru tiryan-tiryan.

Ranar Asabar rabin yini muke yi. Na saka doguwar rigata ruwan toka mai aikin azurfa a hannu, wadda shi ya ce tana min kyau, da ƙaramin farin mayafi. Wajen sha biyu wani dattijo ya shigo, zai kai matarsa hutu bayan ta tashi daga jinya. Ina ba shi labarin kifin ganyen ayaba ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, tsaya haka nan, kar ki sa in cinye takardar nan." Na yi dariya. Dariya kawai jama'a, da mutumin da ya yi jika da ni. Ashe Injiniya ya zo ɗaukata, yana tsaye bayan ƙofar gilashi yana kallo.

Na shiga mota na gaishe shi, bai amsa ba. Na ji ƙarar makullan ƙofofi sun faɗa. Maimakon hanyar gida sai ya karya kwana ya shiga wani lungu a bayan gidan mai, ya kashe mota.

"Me ya ce miki?"

"Wa?"

"Kar ki raina min hankali. Tsohon da kike washe wa baki."

"Haba Injiniya, kwastoma ne fa, matarsa ma..."

Ban ƙarasa ba ya cafko hannuna na dama, ya haɗa yatsun ya matse. Zoben da ya saka min da kansa ya nutse cikin nama. Na ce, "Wayyo Allah, za ka karya ni!" Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A hankali yake magana yana ƙara matsewa.

"Ni ba na raba abina da kowa. Dariyar nan taki ma tawa ce."

Wayata ta yi ƙara a cinyata, Madam ce. Ya sake ni ya ɗauke ta, ya ƙwala ta a jikin sitiyari, ya sake ƙwalawa, ya sake, har gilashin ya tarwatse a jikin rigata. Sannan ya zaro hankici ya goge min jinin yatsa yana hura wurin kamar na ƙaramar yarinya.

"Kin ga abin da kika sa na yi?" in ji shi.

Lahadi da hantsi direbansa ya kawo sabuwar waya cikin kwali, da kwando cike da abarba da kwakwa. Saƙon farko da ya shigo cikinta nasa ne: *Somin-taɓi ne kafin mu isa tsibiri. Yafe min, Gimbiyata.* Na gaya wa Umma zancen wayar, amma hannun na ce ƙofar mota ce ta datse ni. Tana fere abarba ta ce, "Kishi ne, Auta. Namijin da ba ya kishinki ai ba sonki yake ba. Ke ma ki rage fara'ar nan da maza a ofis." Ni 'yar nan na karɓi waya, na sha abarba, har na tura masa alamar zuciya. Ku zage ni in kun ga dama, na riga na zagi kaina.

Litinin ina zama a kujera saƙonsa ya shigo.

*Ga hoton fasfona. Ki yanka mana tikiti yau. Kwana bakwai.*

*To ranka ya daɗe. Wane ɗaki?*

*Na kan ruwa. Na can ƙarshen gada.*

Otal ɗin da muke hulɗa da shi yana da ɗakunan katako da aka kafa a cikin ruwa, jere a jikin wata doguwar gada. Na ƙarshen ya yi nesa da sauran sosai, shi nake tallata wa sababbin ma'aurata, in ce ba mai ganinku ba mai jinku sai teku. Na ɗan yi mamakin yadda ya san shi, sai na ce ai ni da surutuna, ƙila ni na gaya masa.

Madam tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita. Ba a goge fayil ɗin kwastoma ko ya shekara goma, duk takardar da ta shigo sai an ɗauki hotonta an adana, kuma kafin ka buɗe wa mutum sabon fayil sai ka fara buga lambar fasfonsa, don kar a yi wa mutum ɗaya fayil biyu. Na buga lambar ina 'yar waƙata.

Fayil ya buɗe.

Da farko na zaci kuskure na yi, na goge na sake bugawa. Sunansa ne, hotonsa ne. Shekara uku da suka wuce, tun kafin in fara aiki a nan. Sakatariyar kamfaninsu ce ta yi musu komai, shi bai ma san ta ofishinmu aka bi ba. Mutum biyu, shi da matarsa. Tsibirin nan dai, otal ɗin nan, ɗakin ƙarshen gada, kwana bakwai. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba!

Da ƙaryar ce kaɗai da na haɗiye. Amma na gangara ƙasa na ga an canza ranar dawowa daga kwana na bakwai zuwa na huɗu. A gurbin buƙata ta musamman, wajen tafiya ba komai. Wajen dawowa an rubuta keken guragu, da kujeru uku a jere don fasinja ta kwanta. Ga takardar likitan tsibirin a maƙale: karaya biyu a muƙamuƙi, uku a haƙarƙari, wai ta faɗi a banɗaki.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga Madam a kaina. Ta ɗora tabaraunta ta karanta, ta kalli hoton, ta kalle ni.

"Innalillahi. Wannan ne naki?"

Na gyaɗa kai.

"Na tuna fayil ɗin nan. Yini na yi ina roƙon kamfanin jirgi kujerun nan. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba a lokacin, sakatariya ce ke kira." Ta ja kujera ta zauna da ƙyar. "Manajar otal ɗin da kanta ta kira ni daga baya. Ta ce in Allah ya sa muna da imani, kar mu ƙara turo musu mutumin nan."

Lambar matar tana cikin fayil ɗin. Madam ta ga inda idona yake, ta ce, "Kin san haramun ne a aikin nan a kira kwastoma kan abin da ba tafiya ba." Ta juyo min da wayar tebur, ta tashi ta tafi bakin taga ta ba ni baya.

Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka. Muryar mace ce, kalmomin na fitowa a hankali ta tsakanin haƙora. Na faɗi sunan ofishinmu, na faɗi sunansa. Sai ta jefo min tambaya.

"Ke ce ta gaba?"

"Saura kwana goma."

"Wane ɗaki ya ce?"

Ita ta amsa wa kanta.

"Na ƙarshen gada." Ta ja numfashi. "Wurin yana da kyau, ƙanwata, ba zan miki ƙarya ba. Ranar farko har rawa na taka da matan kasuwa, suka saƙala min fure a kunne. Na sha ruwan kwakwa har cikina ya ƙulle. Rana ta biyu na kama igiya na taya masunta ja, wani tsoho ya miƙo min kifi, na yi dariya na ce na gode. Shi ke nan laifina. Bai ce komai ba, har hoto ya ɗauke ni. Sai da muka koma ɗaki ya rufe ƙofa."

"Ba wanda ya zo?"

"Wa zai ji? Ruwa ne a ƙasa, ruwa a gefe. Na yi ihu har bakin ya daina buɗuwa. Washegari ina kwance a ƙasa ina jiyo masunta suna waƙarsu. Mai shara ce ta tsince ni." Ta yi wani ɗan tari. "Kifin nan ban ci shi ba. Har yau ba na iya tauna abu mai tauri."

"'Yan gidanku ba su san halinsa ba?"

"Sun sani. Haƙuri suke ba ni, sai da suka gan ni a keke. Ke da sauran ƙafarki, ki yi amfani da ita."

Na ajiye waya. Ga abin da nake jin kunyar faɗa, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba: na juya na kalli hoton bangon nan, wata zuciyar na ce min ai ke kin riga kin san halinsa, sai ki kiyaye, kar ki yi dariya da kowa, ki je ki ga tekun ki dawo. Har lissafin yadda zan kame bakina kwana bakwai na yi. Kun ga inda son abu ke kai mutum.

Na buga takardun a firinta na ninke cikin jaka.

Bayan magariba na same su a falo. Umma na zaune a kan darduma tana jera sababbin kayana cikin akwati, Yaya na kan kujera da farantin shinkafa a cinya. Na ajiye takardun a gabansa, na ba su labari daga farko, har zancen hannuna na faɗi gaskiya. Yaya ya karanta yana tauna.

"To? Ta faɗi a banɗaki, ga shi likita ya rubuta."

"Yaya, na yi magana da ita."

"Sakakkiyar mace me za ta faɗa a kan tsohon mijinta? Yabonsa za ta yi?"

"Ni dai na fasa."

Ban ga tashinsa ba. Farantin ne ya fara wucewa ta gefen kunnena ya fashe a bango, sai mari. Kunnena ya ɗauki ƙara, na faɗi kan akwatin. Ya damƙi mayafina tare da gashi ya fizgo ni, kaina ya bugi hannun kujera.

"Kin fasa? Ke wa? Shekara uku ina yawo da takardu a leda, yaran unguwa na nuna ni, sai yanzu da na fara ɗaga kai za ki zo min da iskanci? Wallahi ko gawarki ce sai an kai!"

"Kai, sake ta! Sake ta na ce!" Umma ta shiga tsakani tana tura ƙirjinsa. Ya sake ni yana huci. Na zaci rungume ni za ta yi. Sai ta tsuguna tana tsince shinkafa daga cikin sababbin kayan, hawaye na zuba, ba ta kalle ni ba.

"An raba kati, Auta. Dangin Babanki duk sun ji. Ina zan sa fuskata? Kowane namiji da zafinsa, in kika iya zama da shi sai a zauna lafiya."

Yaya ya ɗauki wayarsa ya fita ƙofar gida. Ba sai an gaya min wa zai kira ba.

Yau Talata ko saƙo ɗaya ban samu daga Injiniya ba, shi da yake tashina da *barka da asuba Gimbiya*. Na shafa hoda mai yawa a kumatun da ya tashi, na zura baƙar doguwar riga da babban mayafi na tafi aiki, don zaman gidan ya fi ƙarfina. Ƙarfe ɗaya Madam ta fita karɓo fasfo ɗin wasu kwastomomi, maigadi ya tafi salla. Ina ni kaɗai ƙofa ta buɗe.

Fararen kaya ne a jikinsa, sun sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya mayar da ƙofa ya murza sakata, ya saki labule. Duk a natse.

"Sannu da aiki, mai bincike."

"Injiniya, Madam na hanya."

"Wa ya ba ki izinin tona min fayil?"

"Aikina ne ya..."

Hannu ɗaya ya sa ya share teburin. Kwamfuta da waya da kofin shayina duk suka tarwatse a ƙasa. Na miƙe zan gudu bayan kantar ofis, ya riga ni. Ya kama hoton bangon daga sama ya keto shi har ƙasa, rabin tsibirin ya faɗo a kan kafaɗata. Kafin in yi ihu yatsunsa sun zagaye wuyana, ya kwantar da ni ta baya a kan tebur.

"Ki saurare ni da kyau," ya ce, bakinsa dab da kunnena, muryar nan mai sanyi. "Za ki yanka tikitin nan yau. Za ki je. Za ki yi murmushi a hoto. Waccan ma taurin kai ne ya ja mata."

Jama'a, shaƙa ba abin wasa ba ce. Ba zafin ne ya dame ni ba, iskar ce babu. Ina buɗe baki ba abin da ke shiga. Na yakushi hannunsa, ko a jikinsa. Fitilar rufi ta fara yin duhu daga gefe-gefe, na ji ƙafafuna na dukan tebur da kansu. Hannuna na lalube ya faɗa kan ƙarfen da muke huda takardu da shi, mai nauyin nan. Ban yi tunanin komai ba, na ɗaga na sauke masa a goshi da duk ƙarfin da ya rage min.

Ya sake ni ya dafe ido. Jini ya ɓalle ta tsakanin yatsunsa ya sauka kan farar rigar. Na zame ƙasa ina tari, ina rarrafe wajen ƙofa. Ya biyo ni ya ɗora takalminsa a kan hannuna na dama, ya danna, ya murza. Wannan karon ihun ya fito.

Telan da ke shagon kusa da mu ne ya fasa gilashin ƙofar da benci, maigadi na bayansa. Kun san me Injiniya ya yi? Ya ɗaga ƙafarsa, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce musu, "Ba komai, tsakanin masoya ne." Ya bi ta tsakiyarsu ya fita yana danne goshi da hankici, su kuma suka tsaya baki buɗe.

Madam ta dawo ta tarar da ni a ƙasa cikin gilasai. Ita ta kai ni asibiti. Yatsu biyu sun tsage, muryata kuma ta tafi, sai raɗa. Ta ce kyamarar ofis ta ɗauki komai, in na shirya za ta raka ni wurin 'yan sanda, yau kuma in wuce gidanta. Na rubuta mata a takarda cewa sai na ga Umma tukuna.

Bayan la'asar ta sauke ni a bakin layinmu. Motarsa na fake a ƙofar gida.

Na shiga falo na same shi zaune a ƙasa kusa da ƙafafun Umma, filasta a goshi, bai ko canza rigar jinin ba don a gani. Ga shayi an zuba masa yana tururi. Idonsa jajir kamar wanda ya sha kuka.

"Umma, ni na yafe mata," yake cewa. "Na je ne in ba ta haƙuri in yi mata bayani, ta ɗauki ƙarfe. Zugata aka yi a wurinta. Ni dai kar a taɓa ta saboda ni."

Yaya na tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa. "Kin gani ko? Kin ga ɗan halak? Durƙusa ki ba shi haƙuri kafin in tattaka ki."

Umma ta ɗago ta dube ni, fuskarta duk ta faɗa. "Auta, ke kika yi masa wannan?"

Ba ni da muryar da zan kare kaina. Na sa hannun hagu na warware mayafin, na sake shi ya faɗi ƙasa, na ɗaga haɓata.

Duk suka zuba wa wuyana ido.

Umma ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta zo dab da ni, har ina jin numfashinta. Shatin yatsu huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen, sun yi baƙi sun kumbura. Ta ɗora nata hannun a kan shatin a hankali, yatsunta ba su ko kai rabi ba. Ta juya ta kalli hannun Injiniya da ke kan gwiwarsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Umma, ai garin in riƙe ta ne..."

Matar nan da ban taɓa jin ta zagi ko kaza ba, ta sunkuya ta ɗauki kofin shayin da ta zuba masa da hannunta, ta watsa masa a fuska.

Ya zabura ya miƙe da ƙara, hannunsa ya tashi sama. A kan Umma! Na gani, Yaya ma ya gani. Hannun ya tsaya a sama, Umma ko gezau, ta ma ƙara matsowa.

"Sauke shi mana," ta ce. "Sauke, in ga abin da 'yata za ta riƙa ci a gidanka. Fita min daga gida. Fita!"

Ya sauke hannun a hankali. Ya share fuskarsa da hannun riga, sai ga murmushin nan ya dawo.

"Ba komai, Umma. Ai ba mace ke ba da aure ba." Ya nuna Yaya da haɓa. "Waliyyinta ya riga ya ba ni. Saura kwana tara."

Ya sa takalminsa ya fita. Muka rage mu uku. Yaya na kallon ƙasa, jijiyar wuyansa na motsi. Umma ta ce, "Ka ga wuyan ƙanwarka. Ka ga hannun da ya ɗaga wa uwarka." Yaya ya kawar da kai. Ya ɗauki hularsa a kan kujera, ya zare makullansa daga ƙusar bango.

"In ka bi shi..." in ji Umma, muryarta ta karye.

Ya bi shi. Muna tsaye muka ji ƙofar mota ta rufe, sannan ta biyu ta rufe.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure zaninta tamau ta ce in kama mata da hannun da ke da lafiya, muka ja doguwar kujera muka tokare ƙofar falo. Ta kwashe sababbin kayan daga akwati ta zubar a ƙasa, ta zuba min tsofaffina a ciki. Ta kira Madam da kanta ta ce ta zo da mota da maza biyu, mun shirya zuwa wurin 'yan sanda. Madam ta ce cunkoso ya riƙe ta, amma tana tafe.

Yanzu haka jiranta muke, rana ta kusa faɗuwa. Umma ta ce in gaya muku ba biki, duk wanda ya karɓi kati ya yaga. Tana zaune ne a kan kujerar da muka tokare ƙofa da ita, taɓarya a kan cinyarta, don makullin gidan nan biyu ne. Ɗaya yana ƙulle a bakin zaninta, ɗayan yana aljihun Yaya, a cikin motar Injiniya.